Burodin Yaya Tahira

Na ɗaga gilashin akwatin na dangwali ƙullun da yatsa, sai ya biyo ni, ɗanye sharaf kamar yadda na sa shi tun hantsi. Sama kuwa ta haɗe baƙi ƙirin. Kwana na biyu ke nan ina zubar wa kaji da ƙullun fulawa.

Malam Iliyasu, maƙwabcinmu, yana tsaye a ƙofar ɗakin matarsa, Yaya Tahira. Shi ya haɗa akwatin nan da hannunsa bayan ya bar koyarwa a firamare: katako, gilashin taga, da tsofaffin madubai huɗu da ke tara hasken rana a ciki. Ya yi shi ne saboda Yaya Tahira. Shekara talatin ta yi tana gasa gurasa a tanderu, hayaƙi ya cinye mata ƙirji, har likita a Ɗanbatta ya ce ko turaren wuta kada ta kusanta. Lokacin da aka ce Malam zai yi girki ba wuta, ni ce kan gaba wajen dariya. Na ce boko ya taɓa shi. Ranar da Yaya ta miƙo mini burodin farko ta kan katanga, mai laushi, ba ɗigon ƙauri, na ci na yi shiru da bakina.

Yanzu sati guda ke nan komai ba ya zama a cikinta. Ba tuwo, ba kunu. Abu ɗaya ta nema, burodin akwatinta, a jiƙa mata a ruwan shayi. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, tunda ita ta koya mini kwaɓin. Washegari marka ta sauka.

Abin da ya fi ci mini rai, ruwan nan mu muka roƙe shi. Kwana ashirin ya ɗauke, gero ya fara naɗe ganye, maza suka fita bayan gari roƙon ruwa. Da ruwan ya zo, maigidana Hashimu har cikin gona ya tsaya ya jiƙe don murna. Duk garin ana hamdala, ni kaɗai nake leƙen gabas ina fatan hadari ya watse. Ina fatan, ina istigfari. Ban faɗa wa kowa ba, don wa zai ji da daɗi?

A kwana na uku na yi dabara. Na zuba yashi a tukunya a gidana, na ɗora a kan gawayi, na gasa burodi ɗaya a ciki. Na shanya shi a iska, na canza zani, na wanke hannu da sabulu don kada ta ji ƙaurin hayaƙi, sannan na kai mata a faranti. Malam ya tallafo ta. Ta ƙanjame har zoben hannunta yana yawo a yatsa. Ta kawo burodin kusa da hanci, sai tari ya turnuƙe ta, ya daɗe bai sake ta ba. Da ta samu numfashi ta dube ni.

"Furera, rana ba ta fito ba ko?"

"Ba ta fito ba, Yaya."

"To, Allah ya saka miki. Kai wa yara."

Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Na fito da farantin na zauna a kan turmi na yi kuka, ruwa yana ɗiga daga indararo.

Ranar Alhamis gari ya waye tas. Ban tsaya shara ba, na kwaɓa fulawa da yis da ɗan sukari, na jira ya tashi kamar in hura shi da baki. Da hantsi na shafe gwangwani da mai, na sa a akwatin, na goge madubai da gefen zanina. Akwai wata ƙusa da Malam ya kafa a tsaye a bakin katakon. Idan inuwarta ta ɓace a ƙarƙashinta, akwatin yana kallon rana daidai. Idan inuwar ta fito gefe, sai a juya shi, in ba haka ba zafi ya sauka, aikin ya lalace. Sa'a uku yake ɗauka, ba a gaggauta shi. Na shiga na gaya mata, ta lumshe ido alamar ta ji.

Sau uku na fita na juya shi na dawo. Wajen azahar numfashinta ya canza, yana fita da ƙara, yana tsayawa. Malam ya matso kusa da kanta yana karanta mata kalmar shahada a hankali. Ni kuma ta kama wuyan hannuna ta riƙe, riƙon da ban zaci tana da ƙarfinsa ba. Daga inda nake zaune ina hango akwatin ta ƙofa, na san lokacin juyi ya wuce. Ban motsa ba. Amma ita ta fi ni sanin aikinta, kwance take ta ga inda hasken ya kai a dandamalin ƙofa.

"Je ki juya shi," ta ce, da ƙyar. "Zai yi sanyi."

Na ce bari a jima. Ta saki hannuna da kanta, ta ɗan tura shi.

Na fita da gudu. Na ja akwatin, ƙafarsa ta maƙale a laka, na ciccije na daidaita shi har inuwar ƙusar ta ɓace. Ta cikin gilashin na ga saman burodin ya fara ja. Ban yi minti biyu ba. Na juyo ina cewa saura kaɗan, Yaya, sai na ji Malam yana salati da wata murya. Da na shiga, yana rufe mata ido.

Ni na yi mata wanka tare da ƙanwarta Asiya. Mata suka cika gidan, maza suka ɗauke ta kafin la'asar don kada ruwa ya dawo. A cikin wannan hidima ƙamshi ya gauraye tsakar gida, wata tsohuwa ta ce wa ke girki a gidan mutuwa. Na je na buɗe akwatin. Ban taɓa yin burodi mai kyan wannan ba, ya tashi ya cika gwangwanin, ko'ina ya gasu. Na tsaya da shi a tsumma, ban san inda zan kai shi ba.

Da Malam ya dawo daga maƙabarta, ƙafafunsa duk jar laka, ya shigo ɗaukar tabarma don masu gaisuwa. Ya gan ni tsaye da gwangwanin. Ya miƙo hannu na ba shi. Ana ta kiransa daga zaure. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya ɗora burodin a cinya, ya rufe shi da tafukansa biyu, yana nan zaune har ɗumin ya fita.