Sabuwa Fil a Cikin Kwali

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnenmu na wurinki.

Wata tsohuwa ce da kowa ke kira Inna, mijinta malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Wani zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi sai kunne ya toshe ɗif. Shi ya iya karatu, ita kuwa ba ta iya rubutu ba, sai hirarsu ta koma nuni da hannu: ci abinci, sha magani, kwanta. Mutanen da a da sai barci ya sace ɗaya ake yin shiru.

'Yarsu ta zo dubiya, ta nuna musu wani abu a wayarta: mutum ya yi magana, rubutu ya fito nan take. Ta gwada wa uban, ya karanta cewa ya rame kamar tsinke, ya yi dariya har da tari. Inna na tsaye bakin ƙofa tana kallo. Da 'yar za ta koma garin aikinta, ta ce ai kwamfutar hannun da ta aiko musu shekarun baya ma za ta yi, a kai wa mai gyara ya saka manhajar.

Kwamfutar tana nan. Inna ta adana ta yadda take adana kwanukanta na baƙi, cikin kwali, an naɗe da zani, can saman kabad. Ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. A ganinta abin da hannu bai taɓa ba ba ya tsufa.

Ta kai ta rumfar mai gyara, ta zauna a benci tsakanin wayoyin caji da fasassun gilasai. Ya jona wa kwamfutar wuta, ta kunnu lafiya lau. Ya danna nan, ya danna can, ya jira, ya sake. Sannan ya ce manhajar ba ta hawa irin wannan, ƙwaƙwalwarta ta yi ƙanƙanta, kuma masu ƙera ta sun daina aiko mata sabuntawa tuntuni.

"Ɗan nan, sabuwa ce fa. Ko sau ɗaya ba a kunna ba."

"Na gani, Inna. Ai a cikin kwalin ta tsufa."

Ta tambaya ko akwai abin da za a canza mata a ciki. Ya ce babu. Ta yi godiya, ta naɗe kayanta.

A gida ta tarar Malam ya yi aski, ya sa tabarau, yana zaune a kujerar tsakar gida. Ta ajiye masa kwalin a cinya, ta girgiza kai. Ya ce ba komai, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa.

Ta zauna kusa da shi ta faɗi abin da ta tanada duka: cewa rufin ɗakin girki yana yoyo, cewa gwiwarta ta hagu ta dame ta, cewa yanzu yana minshari kamar injin niƙa. Yana kallon bakinta yana gyaɗa kai inda bai dace ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗora ruwa.

'Yar ta ce za ta aiko wata idan hali ya yi, har yau ana jira. Mai gyara yana nan a rumfarsa. Malam ya jingina kwamfutar a taga yana duba lokacin shan magani da ita. Inna kuwa tana yi masa nuni da hannu.