Injin Jirgi a Ƙofar Na'isa

Duk Ƙofar Na'isa an san Malam Maharazu da gyaran janareto da injin ban-ruwa, kuma shi ma ya san an san shi. Mutum ne da in ka kawo masa inji ka fara yi masa bayanin abin da kake zaton ya lalace, sai ya miƙo maka sifana ya ce, to bismilla. Amma injin jirgin ruwa kam, tun da yake bai taɓa kwance shi ba. A cikin birni ina ruwan da za a sa jirgi, in ba kududdufi ba?

Wata Talata da hantsi a-kori-kura ta tsaya a bakin rumfarsa, aka sauke wani tsohon inji mai doguwar ƙafa da farfela, fentinsa duk ya koɗe, ga hannun giya da kebul ɗinsa a nannaɗe. Mai injin ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Ɗanladi ne, mijin Sa'ida, 'yar farin Malam. Aikin koyarwa ne ya kai ta wani ƙauye a tsallaken ruwan Tiga, aure ya zaunar da ita. Yanzu ga ta da tsohon ciki, na fari, ya kamata a ce tana gida gaban uwarta, amma damina ta cinye hanyar mota, ba fita sai ta ruwa. Jirgin da zai fito da ita kuwa, wannan ne injinsa.

"Mutanen gidan lafiya?" in ji Malam, yana duban wani gefe.

"Lafiya lau, Baba. Suna gaisuwa."

Iyakar abin da aka ce game da Sa'ida ke nan, ko da yake ita ce a ran kowannensu.

"Giya ce, Baba," in ji Ɗanladi, kansa a ƙasa. "In na sa gaba, muna cikin tafiya sai ta fice da kanta, inji ya yi ta kururuwa jirgi yana tsaye. Shekaranjiya a tsakiyar ruwa ta yi mana, ga iska. Da filafili muka ƙarasa."

Take Malam ya hango 'yarsa a cikin jirgin nan. Amma a fili cewa ya yi, "Inji ai inji ne. A kawo mini duro."

Aka gangaro da duro, 'yan garuwa suka cika shi, aka rataya injin ƙafarsa a cikin ruwa. Nan da nan unguwa ta taru. Nata'ala tela ya baro kekensa ya leƙo. "Malam, Tigar ce aka kawo maka har gida? In da kifi a ciki ka tuna da maƙwabta."

Malam bai ko ɗago ba. Shi ba ya tsallake a aiki, daga waje yake farowa. Ya cire kebul daga jikin injin, ya tura ɗan ƙarfen giyar da hannunsa, ya zura hannu cikin ruwa ya murɗa farfela: a gaba ta kama, a ribas ta kama, a firi ta juya sakayau. Ya duba kebul ɗin, ya iske ya saki, ya ɗaure notinsa. Ya ja igiya, inji ya tashi yana gunji fiye da kima, ya rage masa sulo. Sannan ya kama hannun giya ya tura, ƙwas! Ruwa ya tashi ya jiƙa wa Nata'ala riga, jama'a suka kwashe da dariya.

"An gama!" in ji tela, yana kakkaɓe jiki. "Kai, Malam, hannunka ba na banza ba ne."

Yabon ya yi wa Malam daɗi, ba ya ɓoyewa. Sai dai kafin azahar, da ya ɗaga injin ya tsiyaye man giyar a kwano, ya murza shi tsakanin yatsu, sai ya ji garin ƙarfe. Daɗin ya koma ciki. Ƙarfe ba ya cin kansa haka kawai, akwai mai cin sa.

Ya zuba sabon mai, ya mayar da injin duro. "Malam Ɗanladi, zo ka sa giyar nan yadda ka saba in gani."

"Ni, Baba? A gabanka?"

"To a gaban wa?"

Ɗanladi ya ƙara sunkuyar da kai, ya ce ai yadda Baba ya yi shi ne daidai. Juyin duniya ya ƙi taɓawa. Ran Malam ya soma ɓaci, don wannan irin kunyar ita ce za ta bar mace mai ciki a tsakiyar ruwa. 'Yardada, matarsa, da ta kawo wa baƙo fura ta tsaya a soro tana jin su, ita ta raba gardamar.

"Malam, ka shigo ka yi alwala mana, lokaci ya yi. Ka bar yaro ya sha iska."

Ya gane nufinta. Ya shiga soro ya ɗauki buta, ya tsuguna a bayan ƙofa ya kasa kunne. Can ya ji an tayar da inji. Sai ga ƙarar: ƙurrr, ƙurrr, ƙurrr, kamar ana gurza ƙwarya a dutse, kafin giyar ta daure ta shiga. Malam ya fito da butar a hannu, ko ƙafa bai wanke ba.

"Kullum haka kake sa ta?"

Ɗanladi ya zabura ya durƙusa. "Tsoho ne, Baba, na gado ne. Tausayinsa nake ji, shi ya sa nake lallaɓa shi a hankali."

"Lallaɓawar taka ce ta cinye shi! Giya ba ta son wannan. Ka rage totur, ka tura ta lokaci guda ta zauna, shi ke nan."

Faɗa yake yi, amma a can cikin ransa wani sanyi ya ji. Wanda ke tausayin ƙarfe har haka, ai 'yarsa ba ta faɗa mugun hannu ba.

Ya kwance ƙafar injin a kan buhu, yana jera kowane abu yadda ya fito, don bai san cikinta ba, kuma ba zai yarda kowa ya gane bai sani ba. A tsakiya ya sami mai laifin, wani ɗan ƙarfe mai haƙora gaba da baya. Haƙoran gaba sun side sun yi sumul, shi ya sa da jirgi ya ɗauki nauyi sai su zame. Washegari ya zaga kasuwar Ƙofar Ruwa da shi a aljihu, rumfa rumfa, kowa sai ya juya shi ya ce sai dai a aika kudu. Yaushe zai zo? Allah ne masani. Ciki kuwa ba ya jiran saƙo.

Ya dawo ya zauna yana juya ƙarfen a tafin hannu. Sai ya lura haƙoran ribas suna nan da kaifinsu, don mutumin da ke tsoron giyar gaba yaushe zai dami ta baya? Ya auna gefe da gefe, ya ga daidai suke. Ya juya shi, baya ya koma gaba, ya ɗaure komai.

"Ribas ɗinka ta zama 'yar lallaɓa yanzu," ya ce wa surukin, "amma gaba, ko shanu ka ɗora ba za ta fice ba."

A duro ta yi lafiya lau. To amma da ma can a duro ba ta taɓa ficewa ba, kuma Malam ya san duro ba ya ɗaukar kaya. Da safe da a-kori-kura ta zo, sai aka gan shi ya fito da jakar sifanu ya shige gaba.

"Malam, ina zuwa?" in ji 'Yardada. "Kai da ko kududdufi kewaye shi kake yi?"

"Aikina ba ya barin hannuna sai na gwada shi."

A bakin ruwa ya sa aka loda buhunan masara har jirgi ya zauna sosai, shi kuma ya shiga da addu'a a bakinsa, ya ƙanƙame katako. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ɗanladi ya rage totur, ya saci kallon surukinsa, ya runtse ido ya tura, ƙwas! Jirgi ya yanki ruwa. A tsakiya iska ta taso, igiyar ruwa tana dukan gefe, Malam ya saki katakon ya ɗora tafinsa a murfin injin yana sauraro. Giyar ba ta ko motsa ba. Sai ya gyara zama, ya gyara hula, har yana duban gabas da yamma kamar jirgin nasa ne.

Suna kusa da gaɓa ya hango mata tsaye da ƙunshin kaya. Ɗaya a cikinsu ta kare ido da hannu, ta dafa ƙugu, ta tako da ƙyar har ruwa ya taɓa mata zani.

"Baba? Kai ne ka tsallako ruwa?"

"Inji na zo gwadawa," in ji Malam. Ya miƙe a cikin jirgin da ke tangaɗi, ya miƙa mata hannu biyu. "Taka a hankali. Uwarki tana can ta ɗora ruwan zafi."