Ranar da Baba Ya Ɗaga Hannu

"Dattijo A'a" 'yan jarida suke ce wa mahaifina. Tun ina 'yar mitsitsiya yake majalisar tarayya, kuma duk sabon abin da aka kawo, kafin a gama karantawa ya miƙe ya ce bai yarda ba. Mu ma a gida mun sha fama: wando ga mace a'a, fita yawo a'a. Amma abin da ya fi tsana a duniya shi ne caca. A kanta ƙanensa ya sayar da gidansu na gado, daga baya aka tsinci gawarsa a wani ɗakin haya. Duk lokacin da aka kawo ƙudirin halasta gidajen caca, Baba ne yake tsayawa kai da fata sai ya ga bayansa.

Sai ciwon mantuwa ya kama shi. Yanzu ni ke masa wanka, ni ke sa masa kaya. Wani lokaci da sunan mahaifiyata yake kirana, ita da ta daɗe da rasuwa. Na roƙi jam'iyya su bar bawan Allah ya sauka ya huta, suka ce in yi haƙuri zuwa zaɓe, wai ba su da ƙuri'ar yarwa.

Ran nan da safe sai ga bulaliyar jam'iyya, wato mai tattaro musu ƙuri'u a zauren majalisa. Abokin Baba ne tun ƙuruciya, Kawu nake ce masa.

"'Yata, yau dole Yaya ya shiga zaure. Zama kawai zai yi."

"Haba Kawu, mutumin da bai san ko ya karya kumallo ba? Wane ƙudiri ne?"

"Na haraji ne, kar ki damu."

Ya zauna a bakin gado ina shirya Baba. Dabarata guda ce: in na taɓa masa gwiwar hannu, sai ya ɗaga hannun sama in zura masa riga. Na taɓa, ya ɗaga.

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Kullum haka yake yi?"

"Kullum."

Wallahi na ɗauka tausayi ne ya kama shi.

A majalisa aka hau da ni bene, wurin zaman baƙi, aka karɓe wayata, aka ja mini kunne cewa ba a magana. Daga can ina hango Baba, hularsa ta karkace, yana wasa da maɓallin rigarsa. Da akawu ya karanta ƙudirin sai na gane. Haraji ne kam, harajin gidajen caca bayan an ba su lasisi. Ashe jam'iyyar ta sauya ra'ayi, ni da Baba ne kawai ba mu da labari.

Na duba kujerar Kawu a sahun gaba, wayam. Yana can kusa da Baba, har da gyara masa hula.

Shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Ina gani da idona Kawu ya kai yatsunsa ya taɓa gwiwar hannun Baba. Hannun ya tashi a hankali, ya miƙe sak, yana jiran a zura masa riga.

"Baba, sauke!"

Ko waigowa bai yi ba. Masu gadi biyu suka yi waje da ni. Ina tsaye a baranda na ji an buga guduma, aka kaure da tafi. Wani ɗan jarida ya wuce ni da gudu yana faɗa wa wayarsa, "Dattijo A'a ya ce e!" Takaici ya hana ni ko zaginsa.

Muna cikin mota, mun kusa gida. Sai Baba ya juyo, idonsa tar kamar na da, ya kira ni da sunana.

"Kamar na ji an ambaci caca yau."

"An ambata, Baba."

"Mun kayar da ƙudirin ko? Kin san na yi wa ƙanena alkawari."

Direba ya kalle ni ta madubi, ya sunkuyar da kai.

"Kun kayar, Baba."

Ya yi murmushi, ya jingina kai da gilashi.

Da muka shiga gida na zaunar da shi a bakin gado zan cire masa kaya. Na kai hannu zan taɓa gwiwar hannun nan, na kasa. Da rigar majalisar ya kwana.