Gidan Inna Yakura, Ba Roba

Butar roba ce ta fara faɗowa gidanmu ta kan katanga. Sai bokiti, sai bidon na ruwa, sai takalmin wanka wari ɗaya.

"Muhsina, ajiye mana waɗannan," in ji Ubaidullahi daga can. "Baƙi za su zo daga Yamai."

Ubaidullahi ɗan maƙwabciyarmu Inna Yakura ne. Ya je wani ateliye, taron horo, a Damagaram, ya dawo Dungas da riga mai rubutu da aikin proje na yaƙi da roba. Uwarsa tun ba a haife shi ba take dafa sabulun salo da tokar kara, tana shuka soso jikin darni, tana yankan aswaki. Shi ya samo ma abin suna: biyo. Na duba a wayata: wai abin da ba sinadarin zamani a ciki. Ashe mu duk biyo ne, ba wanda ya gaya mana.

Ya mai da gidan gidan misali. Tulu, ƙwarya, faifai, kowanne ya jera shi inda hoto zai kama. Inna ma an jera ta, bisa tabarma gefen tukunyar sabulu.

To, tun damina ƙafafunta suka kumbura, numfashi sai da dabara. Butar ƙasar da ya sayo mata ko ɗaga ta ba ta iyawa. Abu ɗaya take so, a kai ta Guci wurin ƴarta Mero.

"Ɗan nan, ka kai ni. Mero ta san yadda ake juya ni."

"Inna, bari misyon, baƙin nan na Yamai, ta zo ta tafi. In ba ke, me za su gani?"

"Su ga tulu."

"Tulu ai ba ya magana."

"Ni ma na kusa."

Aka ɗaga misyon zuwa bayan girbi. Sannan motarsu ta lalace. Sannan shugabar ta tafi wani ateliye.

Ba mugu ba ne, kar ku ce na ce. Shi ke sayo mata magani, ya zauna ya ɓare ƙwayoyin daga ledarsu ɗaya bayan ɗaya, ya zuba cikin ƴar ƙwarya. Ni kuma in ya fita in shigo da butarta ta roba ɓoye cikin hijabi, kamar mai fasa-ƙwabrin bakin iyaka, ta yi alwala da hannunta.

Rannan ta riƙe mini gefen zane.

"Ƴar nan, kira mini Mero da abin nan naki. Ki ce ta aiko a ɗauke ni."

"In ya ji fa, Inna?"

"Sai ya zaunar da ke wurina. Kin iya surutu."

Na kira. Mero ta ce da an gama roron wake za ta turo mijinta.

Inna ta rasu wata Talata da hantsi, fuskarta na kallon ƙofa. Mata suka yi mata wanka da ganyen magarya, ana ɗibar ruwa da ƙwarya. Ubaidullahi na zaure, kai a ƙasa, ana masa gaisuwa.

Maza na dawowa daga maƙabarta mijin Mero ya iso bisa amalanke, sa ɗaya na ja. Ya taso da sassafe, hanya kuma ba rezon waya, bai ji rasuwar ba. Cikin amalanken an shimfiɗa katifa da matashi, an kafa zane bisa sanduna saboda rana. Ya dubi mutanen, bai sauko ba.

San nasa ya tsaya ƙofar gida, yana taunar wata baƙar leda da ya tsinto a hanya, a hankali.