Shalikkhali a Kan Taswira

Shekara uku majalisar yankin tana zama a kan maganar teku. Tekun bai halarci ko zama ɗaya ba, aikinsa kawai yake yi. A ƙarshe aka yanke cewa za a gina mafakar guguwa guda ɗaya, bene mai ƙafafun siminti, a inda jama'a suka fi yawa. Don a gano wurin, aka shimfiɗa taswira a harabar ofis, aka ba kowane mai gida ƙwayar shinkafa ɗaya ya ajiye a kan gidansa.

Cikin masu zama a kan ganuwar tare ruwa, Jobeda ce ta fara, don ta girme su duka. Ta tofar da jan yawun ganyen pan da take taunawa kamar goro, ta duƙa, ta bi kogi da yatsa har ta wuce gaɓa, ta ajiye ƙwayarta a tsakiyar shuɗin teku. Gida talatin da ɗaya suka biyo bayanta, kowa kusa da maƙwabcinsa. Kafin shayi ya huce, ƙauyensu na asali, Shalikkhali, ya tsaya cif a cikin teku, har da lungunansa, shekara goma sha ɗaya bayan ruwa ya cinye shi.

Injiniyan da aka turo daga Dhaka ya cire tabarau. "Waɗannan a jirgin ruwa suke kwana?"

Tofazzal, sakataren majalisa, ɗan ƙanwar Jobeda ne. Ya matso yana share gumi. "Khala," ya ce, wato inna, "inda kike zaune ake nufi."

"Gida aka ce. Da kunnena na ji."

"To ina kike kwana?"

"A kan ganuwar gwamnati, kamar akuya. Wurin kwana daban, gida daban. Kai da aka binne cibiyarka a can, don ka sa wando sai ka manta hanya?"

Aka yi dariya. Tofazzal ya tsuguna, ya rage murya. Ƙwayar da ke kan tudu kaɗai ake ƙirgawa, in ji shi. In suka bar nasu a ruwa, mutanen kasuwa sun rinjaye su, can za a kai mafakar, tafiyar awa biyu cikin laka. In kuma suka dawo da su kan ganuwa, mafakar tasu ce, amma za a soke sunan Shalikkhali, don takarda ba ta riƙe ƙauyen da babu mai cewa nasa ne.

Jobeda ta zuba wa ƙwayarta ido. Daidai nan tafkinsu yake, ruwan da ba ya mayar da shinkafa baƙa. A bakinsa dabino bakwai, waɗanda marigayi Sekandar, mijinta, yake hawa lokacin sanyi ya ɗaura tukwane don tarar ruwansu, gari ya waye gidan duk ƙamshin zaƙi a kan wuta. Shi ma yana can kwance. Kowa ya san ruwa yakan mayar da ƙasar da ya ci, wani lokaci bayan shekara ashirin, kuma masu riƙe da sunan ƙauyen ake ba. Sai dai surukarta na da cikin wata bakwai, damina kuma ba ta jiran ruwa ya yi nadama.

Ta dubi injiniyan. "Ɗana, na'urarku tana ganin ƙarƙashin ruwa?"

"Zurfi take aunawa."

"Nawa ne a nan?"

Ya duba takarda. "Mita tara."

"Dabinonmu sun fi haka tsawo."

Injiniyan ya mayar da tabaraunsa.

Ta lashi yatsa, ta ɗauki ƙwayar, ta daɗe da ita a sama, sannan ta ɗora ta a kan siririn layin ganuwa. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka kwashe ƙauyen. Wani tsoho ya jefa tasa a baki ya tauna, aka rubuta shi cikin waɗanda ba su halarta ba. Shugaban majalisa ya yaba da wayewar kan jama'a, aka tafa, aka raba wa kowa takarda mai ɗauke da sabon adireshi.

A bakin titi mai keken haya ya tsaya mata. "Ina muka nufa, Khala?"

 Ta miƙa masa takardar.

"Karanta ka kai ni. Ni ban taɓa zuwa ba."