Takardar da Hayaƙi Ya Cinye

Da mai gonar kofi na gangaren dutse ya ja wayar shinge ya ce dajin ƙauyen nasa ne, Juliana Xiloj ba ta girgiza ba. Ita ce shugabar kwamitin gari, kuma kowa ya san suna da takarda tun zamanin mulkin mallakar Sifaniyawa, mai ɗauke da iyakokin dajin. Tana cikin akwatin waliyyin gari, a hannun kawunta Bartolo. Da aka je kotu, alƙali ya ba su kwana uku su kawo ta.

Shekara ɗari uku ana fito da ƙunshin da takardar ke ciki ran bikin waliyyi, a turara shi da turaren ƙaro, a sumbace shi, a mayar. Ba wanda ya taɓa kwance shi. Wannan suke kira girmamawa. Sakarci ne.

Juliana ta kwance. Takardar ta yi baƙi ƙirin kamar gindin kaskon toya waina.

"Kawu, ina rubutun?"

"Yana ciki mana. Hutawa yake."

"Hutawa! Alƙali zan gaya wa rubutu na hutawa? Kun ƙyafe ta kamar kifi!"

"Ke 'yar nan, yi a hankali da bakinki. Da ba mu turara ta ba, da asu ya cinye."

Haushi ya sa ta zauna a kan buhun masara. In daji ya tafi, itacen girki ya tafi, idon ruwa ma haka. Tsohon kuwa ko a jikinsa. Ya shiga rera addu'ar da yake yi wa ƙunshin duk shekara: daga dutsen mai gicciye zuwa kogon jemagu, daga kogon zuwa tagwayen duwatsu...

Juliana ta miƙe zumbur. "Maimaita!"

"Addu'a ce, ba a maimaita ta sai ran biki."

"Iyaka ce kake karantawa, Kawu! Wallahi sai ka maimaita."

Washegari ta tasa shi gaba tare da mai awon ƙasa na kotu, yana rerawa yana ƙorafin gwiwa. Duk inda ya ambata aka tona, sai ga dutse da tambarin sarkin Sifaniyawa. Bakwai cif. Alƙali ya sa aka cire waya, aka ba su sabuwar takarda fara tas.

Suna isa gida Bartolo ya hura garwashi, ya zuba ƙaro, ya miƙo hannu.

Juliana ta cusa takardar a cikin rigarta. "Ka turara gemunka," in ji ta.