Da Hannun Dakta Ne

"Wallahi Hajiya, nan ya ɗinke ni. Duba ki gani!"

Matar ba ta jira izinin kowa ba, ta yaye gefen rigarta a tsakiyar falo, ta nuna wani siririn tabo a ƙasan cibiyarta. Mata suka ɗauki salati, masu dariya na yi, masu share hawaye na yi. Ta ce mijinta ne ya ƙi yarda a yi mata aiki, sai da Dakta ya bi shi har shagonsa a Kantin Kwari, da farar rigarsa da komai, ya durƙusa a gabansa cikin dilolin atamfa.

Hajiya Fanta ta gyaɗa kai. Ranar sadakar arba'in ɗin mijinta ce, Dakta Abdulmuminu, likitan tiyatar da duk Fagge ta sani, kuma tun safe irin labaran da ake ta sauke mata ke nan. Wannan durƙuson kuwa ta san shi sarai, har faɗa ta sha yi masa a kai.

"Haba Dakta, babban likita guda kana zubewa a gaban mutane?"

"Gwiwata ce ai, Fanta, ba ta gwamnati ba." Abin da yake cewa ke nan, ya ja kwanon tuwonsa da ya daɗe da hucewa.

Su likita suka sani. Ita mutumin da ta rasa shi ne wanda zai dawo a gajiye liƙis, ya zauna a tabarma yana fere wa yara lemo, ɓawon ya sauko zarara bai tsinke ba, suna tafa masa. Shi ke ɗinke wa autarsu Raudha maɓallin rigar makaranta, yana cika baki wai ƙullinsa sai dai rigar ta mutu ta bar shi. Yau ga gida cike da mutane, amma ita kewa ce ke cin ta.

Raudhar ma ba ta zo ba. Cikinta ya tsufa, an ce ta huta a gidan mijinta a Kwaciri.

Wayar Fanta ta yi ƙara a ƙarƙashin hijabi.

"Mama, Chiamaka ce." Likita ce, yarinyar Sabon Gari da Dakta ya koya wa aikin tiyata, ta sha cin tuwo a gidan nan. "Raudha tana asibitinmu tun asuba, sun ce kada a gaya miki saboda kina takaba. Yaron a gicciye yake, jini kuma ya ɓalle. Sai an yi aiki, yanzu-yanzu. Na ce ta sa hannu da kanta, ta ce sai abin da mijinta ya ce. Shi kuma Abdulrauf ya ce sai abin da babansa ya ce. Baban ya ce a'a, ya kashe waya. Mama, zan rasa ta."

Baban nan, Alhaji Hamzat, yana ina? Yana nan ƙofar gidanta, cikin masu yi wa Dakta addu'a.

* * *

A bakin soro Hajo, yayar marigayin, ta tare ta da hannu biyu.

"Ina za ki? Maza ne fa a waje! Mai takaba ko muryarta ba a ji, ke kuma za ki fita tsakiyarsu? Kada ki kunyata ƙanina, ko ƙasa ba ta bushe a kansa ba."

"Yaya, Raudha ce za ta mutu."

Ta raɓa ta gefenta ta wuce, ƙafa ko takalmi babu.

Ta tarar Alhaji Hamzat ne ma ke da magana. Ya haɗe cikin farar shadda, carbi a hannu, yana ba da labarin yadda Dakta ya yi masa aikin ƙaba, ya tashi garau kamar ba a taɓa shi ba. Da aka ga mace ta fito, wurin ya yi tsit. Masu kunya suka sunkuyar da kai. Fanta, wadda tun da aka ƙulla surukuta ba ta taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, ta zube a gabansa.

"Alhaji, don Allah, don darajar wanda kuka zo yi wa addu'a, ku ce wa Abdulrauf ya sa hannu."

"Subhanallahi! Hajiya, ku tashi, ku tashi." Ya janye ƙafafunsa. Ba da faɗa ya yi magana ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. "Haihuwar fari ce, dole ta ɗan ja lokaci. Na aika da rubutu a ba ta. Mu a gidanmu ba a taɓa yanka mace ba, duk da kansu suke sauka."

"Jini take zubarwa, Alhaji."

"To, ni fa da hannun Dakta ne, wallahi ko ni ya ce in kwanta, kwantawa zan yi. Amma yanzu wa ya rage? Yaran nan masu koyo a jikin mutane? In miƙa musu 'yar Dakta guda? Da wane ido zan kalle shi gobe kiyama?"

"Shi ya koya wa Chiamaka! Da hannunsa ya koya mata!"

"Ai Dakta daban ne," wani dattijo ya faɗa daga gefe.

"Daban ne, wallahi. An yi an gama."

Sai ga kawuna na ta gyaɗawa, ana Allah ya jiƙan Dakta, Allah ya haskaka kabarinsa. Kai, jama'a! Ta bi fuskokinsu da kallo. Rabinsu wuƙarsa ta ratsa jikinsu ko na matansu, wasu ma a gabansu ya durƙusa kafin su yarda. Yau ko mutum ɗaya bai buɗe baki ya ce Alhaji a duba ba. Ashe duk shekarun nan ba aikin suka yarda da shi ba, shi kaɗai suka yarda da shi, kuma sun binne shi.

"A shigar da Hajiya ciki," in ji Alhaji Hamzat a hankali. "Zafin rashi ne."

Ba ta koma ciki ba. Ta miƙe ta tare adaidaita.

* * *

A shataletalen Bata hanya ta cushe. Masu tura kura, masu dakon yadi, 'yan talla, kowa da gabansa. Direban ya yi ta hon har ya gaji, ya leƙa ya zagi wani mai tirela, babu abin da ya motsa. Fanta na zaune tana kiran Abdulrauf, wayar na ta ringin ba a ɗauka. Ta kira sunan Allah, ta kira sunan 'yarta, har ta tsinci bakinta yana cewa, "Dakta, ka ga abin da suke yi."

A barandar asibitin ta sami Abdulrauf, zaune a benci, ya rungume gorar rubutu. Mutum da gemunsa, amma kuka yake yi wiwi.

"Umma, na sa hannun. Da ta suma na sa. Don Allah kada ku gaya wa Baba."

Ta dube shi. Wata nas ta ce an shiga da Raudha ɗakin tiyata. Ta ce kafin ta suma tana ta kiran babanta, tana cewa a je a gaya masa ya zo, shi ba zai bari ba.

Fanta ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango. Duk zaman aurenta mijinta yana bayan irin ƙofar nan, ba ta taɓa sanin haka zaman wajenta yake ba. Babu abin yi, ko kaɗan. Sai ido.

An yi kiran la'asar kafin ƙofar ta buɗe. Chiamaka ta fito, ta cire hular kanta, ta durƙusa a gaban Fanta ta kama hannayenta.

"Mama, na yi duk yadda ya koya mini. Da ko da hantsi aka bar ni..." Ta sunkuyar da kai. "Namiji ne. Shi ma bai zo da rai ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Fanta. Sai kuma ta ji kanta tana shafa bayan yarinyar tana cewa, "Sannu, 'yata. Sannu da aiki."

* * *

Gab da magariba ta iso gida, ita kaɗai, don ta ɗauko wa Raudha likkafani cikin ragowar yadin da aka yanka wa Dakta. Taro ya watse, labari bai riga ya iso ba. A ƙofar gida wata a-kori-kura ce tsaye, mai hayar rumfa yana loda kujeru a bayanta, ya riga ya kwance igiya ɗaya.

Da ya gan ta ya cire hula ya russuna.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Dakta. Taro ya yi albarka, wallahi ban taɓa kafa wa jama'a irin ta yau ba."

Ya juya ya kama igiya ta biyu.

"Malam," ta ce, muryarta can ƙasa. "Bar ta. Mayar da kujerun."